Ranar da Baba Ya Kai Auta Asibiti

Idan Allah ya ja kwanana har na tsufa na fara mance sunayen mutane, ina jin ranar da muka kai magen mahaifina asibiti ba za ta fita daga kaina ba. Na daɗe ina so in ba da labarin, ina fasawa, saboda akwai wani abu a cikinsa da ba na jin daɗin faɗa. Namiji baligi, wanda ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, ya fito ya ce ya yi kishi da mage, ban san yadda mai karatu zai ɗauke ni ba. Amma abin da ya faru ke nan, kuma idan na cire wannan ɓangaren babu sauran labari.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Ƙauyenmu yana wajen Makoda, irin ƙauyukan nan da gona take haɗe da gona, idan ka yi tari a gidanka maƙwabci ya ce maka sannu. A wajenmu har yanzu ana kunyar ɗan fari, kuma iyayena suna cikin waɗanda suka riƙe ta da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan ina kusa "kai" ne, idan ba na nan "wancan" ne. Inna kuwa ta fi shi, ko tuwo ta zuba mini sai dai ta ɗaga murya ta ce, "A zo a ɗauki abinci," tana kallon bango. Ba na so a fahimce ni ba daidai ba. Ba su taɓa barina da yunwa ba, kuma gyaɗar Baba ce ta yi mini karatu tun daga firamare har na gama. A jami'a ma idan abokaina 'yan birni suka yi wa al'adar dariya ni ne mai kare ta, ina cewa tarbiyya ce, ladabi ne. Har yanzu ban ce ba haka ba ne.

Lokacin da na gama bautar ƙasa na dawo gida jiran aiki, ƙannena mata sun yi aure, mazan suna birni wajen neman na kansu. Gidan ya rage daga Baba sai Inna sai ni. Sai kuma mage.

An ce a ƙarƙashin rumbu Baba ya tsince ta tana jaririya, uwarta ta tafi ba ta dawo ba. Da murfin kwalba ya riƙa ba ta nonon akuya har ta rayu. Fara ce mai ɗigon toka a goshi, ba wani kyau na a zo a gani ba, a ganina dai. Baba ya sa mata suna Auta. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matsayin auta, ya kuma san matsayin ɗan fari, don haka ba sai na yi dogon bayani ba.

Idan Baba ya dawo daga gona zan tashi in karɓi fartanyarsa in ce, "Sannu da aiki, Baba." Zai ce, "Yauwa." Iyakarta ke nan. Kafin in jingine fartanyar sai in ji muryarsa ta sauya a bayana, ta yi laushi kamar ba tasa ba: "Auta, ina kika shiga yau? Kin ci abinci kuwa? Zo nan, 'yar albarka." A kan buzun sallarsa take barci, ba mai tashinta. Ranar kasuwa idan ya sayo tsire, tsokar farko tata ce. Ni ina gefe a kan tabarma ina latsa waya kamar ban damu ba, alhali kunnena yana wajensu. Na sha yi wa kaina faɗa, in ce kai, wannan fa dabba ce, me ya haɗa ka da ita? Amma a wata guda na ji Baba ya yi wa magen nan maganganu masu daɗi da ban ji ya yi mini ba tun haihuwata. Ban taɓa dukanta ba, ban taɓa korarta ba. Sai dai idan ta zo tana goga jikinta a ƙafata nakan janye ƙafar a hankali.

Abin ya faru ne wajen ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, kaska ta dami awaki. Da safe na tafi gonar gyaɗa cire ciyawa, na bar Baba yana haɗa maganin kaska a bokiti zai wanke awaki da ragonsa, kamar yadda yake yi duk shekara. Da hantsi ya ɗaga na dawo. Tun daga zaure na ji wata murya tana salati, na tsaya ina tunanin baƙo muka yi, don ban gane ta ba. Da na shiga sai na ga Baba ne, durƙushe a tsakar gida, hularsa a ƙasa.

Auta tana kwance a gabansa. Miyau yana dalala daga bakinta, kunnuwanta da fatar bayanta suna ta rawa. Can sai ta miƙe ƙafafu ta sandare, ta hau shure-shure, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Inna tana tsaye bakin madafa ta riƙe baki. Ita ce ta faɗi abin da ya faru, ba ni take kallo ba amma da ni take: wai da ya gama da awaki ya ga sauran magani a bokiti, ya tuna kwana biyu Auta tana ta susa saboda ƙuma, sai ya tsoma tsumma ya goge mata jiki da shi. Ita kuma ta koma gefe ta hau lasar jikinta.

Ana haka Baffa ya shigo da kwalbar manja a hannu. Baffa ƙanin Baba ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma mutum ne da ba ya rasa maganin kowace cuta.

"Yaya, guba ce wannan," in ji shi. "Buɗe mini bakinta in ɗura mata manja. In da madara a kawo. Haka na yi wa tunkiyata bara."

A wajenmu duk wanda ya sha guba, mutum ko dabba, manja ake fara nema. Ni kaina haka na taso na gani. Amma da na kalli yadda haƙoranta suka datse, sai na ji abin bai kwanta mini ba. Ban tabbata ba, don abin da na karanta a jami'a bai haɗa hanya da dabbobi ba. Na ce, "Baffa, ina ganin da an ɗan dakata tukuna."

Ya juyo ya kalle ni. "A dakata ta mutu? Malam mai digiri, digirin mage ka yi?"

Na ce a'a, amma na san wadda ta yi. Akwai wata likitar dabbobi da muka yi bautar ƙasa a gari ɗaya, na san ta samu aiki a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a gefen birni, ta wajen Ungogo. Na nemo lambarta, ina addu'ar kada ta zama ta sauya layi. Allah ya taimaka ta ɗauka. Ban ma gaishe ta yadda ya kamata ba na hau bayani. Ta ce in ɗauko kwalbar maganin in karanta mata abin da aka rubuta a jiki. Da na karanta sai ta ce, "Saurara da kyau. Kada a ba ta manja, kada a ba ta madara, kada a ba ta komai ta baki. A halin da take ciki ba ta iya haɗiya, huhunta zai tafi. Ka sa leda a hannunka, ka wanke ta da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Ka wanke ka sake wankewa. Ka tsane ta ka naɗe ta, ku taho yanzu. Ka zo da kwalbar."

Ina sauke wayar na ga Baba yana kallona. A ido, kai tsaye, abin da ba ya yi. Ya ce, "Me ta ce?"

Na faɗa masa. Bai yi musu ba, bai tambayi ra'ayin Baffa ba. Ya ce, "To, yi yadda ta ce." Baffa ya ajiye manjansa a kan turmi yana cewa shi dai ya faɗi nasa.

Ba zan ɓoye ba, wani abu ya daki zuciyata a lokacin, kuma ba tausayi kaɗai ba ne. Yau Baba ya kalle ni, ya nemi maganata, ya bi ta a gaban ƙaninsa. Sai wata zuciyar ta ce mini, ai ba don kai ba ne, don ita ne. Da wannan tunanin na durƙusa na sa leda a hannu. Inna ta sirka ruwa a buta, Baba yana zubawa ina cuɗa ta da sabulu. Warin maganin yana tashi har yana hawa kai. Jikinta a hannuna kamar ba komai a ciki sai ƙashi da rawa. Baba yana zuba ruwan yana cewa, "Sannu, Auta. Sannu, 'yar albarka. Yi haƙuri, yi haƙuri." Da muka gama ya shiga ɗaki ya fito da mayafinsa mai kyau, wanda yake yafawa ranar Juma'a idan ana sanyi, ya naɗe ta a ciki. Inna ta miƙo kwando.

Na goya Baba a babur har bakin titi. Hanyar duk taɓo ce saboda ruwan da aka yi, ina tafiya a hankali kamar yadda na saba, sai na ji ya ce, "Ƙara wuta." Baba da kullum yake cewa samarin yanzu gudu zai ƙarar da su. Muka bar babur wajen mai faci, muka samu bas mai zuwa Kano tana jiran cika. Baba, wanda na san zai iya zama a tasha rabin yini don kada ya hau mota mai tsada, ya ce wa direba a tashi, shi ya ɗauki kujerun da suka rage.

Mota ba ta yi nisa ba wata mata mai goyo da ke kusa da shi ta leƙa kwandon. "Baba, lafiya? Jariri ne?" Kafin ya amsa Auta ta yi wani shure, wutsiyarta ta fito daga mayafin. Matar ta ja baya. "La'ilaha! Mage ce!"

Nan take motar ta ɗauka. Kwandasta ya ce, "Alhaji, ashe kujerun na Hajiya ne. Da ka faɗa ai da mun ba ta gidan gaba." Aka kwashe da dariya. Wani dattijo mai buhun barkono a baya ya ce, "Bawan Allah, mage za ka kai birni asibiti? Ai a gidana sun fi ƙarfina. In ta tafi ka zo in ba ka uku, har da kwandon zubawa."

Baba bai juya ba. Ya ce, "Riƙe abinka."

"To Allah ya ba ta lafiya," in ji mai goyon, da ta ga fuskarsa. "Rai ai rai ne." Daga nan dariyar ta ragu. Dattijon, wataƙila don ya gyara, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan ɗanka ne?"

Na san amsar da zai bayar. Na san al'ada ba za ta bar shi ya ce e a gaban mutane ba. Duk da haka na tsinci kaina ina jira. Baba ya gyara mayafin a kan magen ya ce, "Tare muke."

Na juya ina kallon gonaki ta taga. Na tuna wani hutu da zazzaɓi ya kwantar da ni har ba na gane mutane sosai. Abin da na riƙe daga wannan ciwon shi ne muryar Baba daga bakin ƙofa yana tambayar ƙanwata, "Ya jikin wancan?" Bai shigo ba. Mai yiwuwa ya tsaya a wajen ya daɗe, mai yiwuwa bai yi barci ba, ban sani ba, kuma ba zan yi masa shaidar abin da ban gani ba. Abin da nake gani a motar nan shi ne babban yatsansa yana shafa goshin mage, tun daga Makoda har muka fara hango gidajen bulo a inda da gonaki ne.

Daga inda bas ta sauke mu muka hau keke zuwa asibitin. Wuri ne ƙarami mai tsafta, yana warin maganin goge ƙasa. A bakin ƙofa wani mutum yana riƙe da ƙaton kare irin na gidajen masu hali. Baba ba ya haɗa hanya da kare, ko a ƙauye ya hango shi sai ya sauya hanya. Ranar nan kuwa tattare rigarsa kawai ya yi ya raɓa ta gefensa ya wuce.

Likitar ta fito da sauri. Ta rusuna ta ce, "Sannu, Baba. Kawo ta nan." Ta ɗora Auta a kan wani tebur na ƙarfe, ta buɗe mayafin, ta duba idanunta da dasashinta, ta auna zafin jikinta. Ta ce jikin ya yi zafi da yawa saboda rawar da yake yi. Ta aske gashin ƙafarta ta gaba tana neman jijiya, abin ya ba ta wuya don magen ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da ta samu ta yi mata allura, a hankali shure-shuren ya lafa, ya rage sai karkarwa. Sannan ta rataya ledar ƙarin ruwa. Ban taɓa sanin ana yi wa mage ƙarin ruwa ba sai ranar. Baba ma ya tsaya yana kallon ɗigon ruwan kamar yana ƙirga shi.

Ta karɓi kwalbar daga hannuna ta karanta, ta ce, "Wa ya shafa mata?"

Na ga bai dace dattijo kamar Baba ya tsaya amsa laifi a gaban yarinyar da ya haifi kamarta ba, sai na fara cewa, "Ai mu dai, wato, ba a sani ba ne..."

"Ni ne," in ji Baba. "Da hannuna. Na ga tana susa."

Likitar ta sassauta murya. Ta ce masa ba shi kaɗai ba ne, mutane da yawa suna ɗauka abin da ya yi wa akuya magani zai yi wa mage. Ta ce jikin mage daban yake, ba ya iya narkar da irin wannan maganin, ga shi kuma ita da harshe take wanka, duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Ta ce akwai maganin ƙuma da aka yi don mage kaɗai. Baba yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Sannan ya tambayi abin da yake ransa: "Za ta tashi?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba," ta ce. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Sauran na Allah ne."

Ya matsa kusa da teburin ya sunkuya, ya ce da magen, "Ki yafe mini."

Na fita waje. Na ce zan sayo ruwa ne, kuma na sayo, amma ba shi ya fitar da ni ba. A rayuwata ban taɓa jin Baba ya nemi yafiyar wani ba. Na tsaya a gindin wata bishiya ina jin haushi, ina kuma jin kunyar haushin. Dabba tana tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina nan ina lissafin wa aka faɗa wa me.

Muka yi azahar a wani masallaci da ke kusa. Baba ya daɗe a sujada. Da muka dawo na miƙa masa gurasa da ruwa, ya karɓi ruwan ya ture gurasar. Muka zauna a benci ɗaya, tsakaninmu akwai wurin zaman mutum guda.

Can likitar ta leƙo da sauri ta ce ciwon ya dawo, mai taimaka mata ya fita, tana son wanda zai riƙe mata magen. Baba ya miƙe, amma da ta ga yadda hannuwansa suke rawa sai ta ce, "Baba, zauna. Kai, zo."

Ta nuna mini yadda zan riƙe ta, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, kada in danne ƙirjin, kada kuma in bari ta fizge allurar ruwan. Auta tana fizga a hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. A ƙarƙashin yatsuna ina jin zuciyarta, ƙarama, tana bugawa da sauri kamar za ta fito. A nan wani tunani ya zo mini wanda ban gayyace shi ba: idan ta mutu fa? Wa Baba zai riƙa yi wa magana idan ya dawo daga gona? Na ɗan tsaya a kan tunanin, ba zan ce ban tsaya ba. Amma na san amsar tun kafin in gama tambayar. Ba ni ba ne. Idan ta mutu ba juyowa zai yi wajena ba, shiru zai ƙara yi, kuma muryar nan mai laushi da nake ji daga gefe, ita ma ba zan sake jin ta ba. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ina hango shi a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. Sai na ji bakina yana motsi ina addu'a. Har yau ban tabbata ko don ita na yi ba, ko don shi, ko don kaina.

Allura ta biyu ta kama. Jikinta ya saki a hannuna har na tsorata, na kalli likitar. Ta ce, "Barci ne. Sake ta a hankali."

Bayan la'asar karkarwar ta ragu sosai. Likitar ta ce dole a bar ta a wajensu, don irin wannan yakan lafa ya dawo. Baba ya ce shi zai zauna a bencin nan har ta warke. Da ƙyar ta lallashe shi, ta ce ga lambata a wajenta, duk abin da ake ciki za ta kira. Muka koma gida. Washegari Baba bai je gona ba, kuma duk inda na zauna sai in gan shi a kusa yana gyaran wani abu da bai lalace ba. Ba ni yake bi ba, wayar aljihuna yake bi. Da ta yi ƙara kafin in ciro ta ya riga ya miƙe. Likitar ta ce Auta ta ɗaga kai, ta lashi ruwa da kanta.

Bayan kwana biyu muka je ɗauko ta. Ta rame, ƙafarta ɗaya a aske, tana tafiya tana tangaɗi, amma tana jin muryar Baba ta yi kuka. Likitar ta ba mu maganin da za a ci gaba da ba ta, ta ce a wanke duk inda take kwanciya, a kuma hana ta shiga garken awaki har maganin jikinsu ya fita. Sannan ta nuna ni ta ce, "Baba, wankan nan da ya yi mata da wuri, da hana manjan nan, su suka taimake mu. Da an ɗura mata, ban san abin da zan iya yi ba."

Na sunkuyar da kai ina jira. Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka, likita. Allah ya jiƙan mahaifa." Ya yi ta sa mata albarka har muka fita ƙofa. Ni ko kallo ban samu ba. Na ce a raina, to, yau kuma likita ce ta shiga gabana.

Muka sauka daga bas rana ta yi sanyi, na karɓi babur wajen mai faci. Baba ya hau baya da kwandon a cinyarsa. Hanya ta bushe, gero ya rufe mu ta hagu da dama, babu kowa sai mu. Muna cikin tafiya na ji ya fara magana da muryar nan tasa ta Auta. Na yi kamar ban ji ba, yadda na saba.

"Auta," ya ce, "kin ga yayanki?"

Na ɗauka kunnena ne.

"Shi ya tsamo ki. Da ta Baffanki muka bi, da yanzu wani zancen ake yi. Yaro ne mai hankali, ba ya gaggawa. Tun yana ƙarami haka yake, sai ya duba abu ya sake dubawa. Ki riƙa gaishe shi, kin ji?" Na ji ya gyara kwandon a cinyarsa. "Allah ya yi masa albarka. Ki ce amin."

Bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga kunnena ba. Ya san ina ji, na san ya san ina ji. Na rasa abin da ya dace, in amsa ko in yi shiru, tunda ba da ni ake ba. Idona ya cika har hanyar ta fara rabuwa biyu, babur ya ɗan karkace. Sai muryarsa ta kullum ta dawo: "Kai, duba gabanka. Ga rami."

Na ce, "To, Baba." Na kauce wa ramin.

Ba zan ce daga ranar kishin ya tafi gaba ɗaya ba. Auta ta warke ta koma kan buzunta, tsokar farko ta ci gaba da zama tata, ni kuma na ci gaba da zama "kai". Wani lokaci abin yakan ɗan sosa mini rai har yanzu. Amma na koyi abu biyu, kuma ina ganin na farkon ya fi sauƙin faɗa: maganin awaki na awaki ne, kada a kusantar da shi ga mage, kuma idan dabba tana shure-shure a ajiye manja a nemi likita tun da wuri. Na biyun shi ne, na ɓata watanni ina jin haushin wadda ake yi wa magana, ban taɓa tsayawa na yi tunanin mai maganar ba. Mutum ne da aka yi wa tarbiyya a kan kada ya faɗa wa ɗansa na fari abin da ke ransa, kuma ya yi biyayya shekara da shekaru. Ni ina ɗauka ni kaɗai al'adar ta hana wani abu, ashe shi ma ta hana shi. Ranar da abin ya fi ƙarfinsa bai karya ta ba, kuma bai haɗiye maganar ba, ya nemi wadda zai faɗa wa a inda zan ji. Tun daga lokacin, idan mutum bai faɗa mini abin da nake so in ji ba, nakan yi ƙoƙari in bincika ko yana da halin faɗa, kafin in yanke cewa babu shi a zuciyarsa.